Gano salon haruffa daga hoton tambari

Gano salon haruffa daga hoton tambari shi ne binciko sunan salon haruffan da aka rubuta sunan wani kamfani, hukuma, jarida ko ƙungiya da shi, a lokacin da hoton tambarin kaɗai ne a hannun mai binciken. Masu zane a kwamfuta, ma'aikatan ɗab'i da masu rubuta allunan talla ne suka fi yin wannan aiki, galibi idan an kawo musu tsohon tambari an ce su sabunta shi, ko su buga takardar wasiƙa, kalanda ko allon shago da rubutun da zai dace da shi. Ana yin binciken da ido, ko ta hanyar duba bayanan da ke cikin fayil, ko da manhajojin da ke kwatanta hoto da dubban salo. Sau da yawa abin da ake samowa shi ne tushen da aka gina haruffan tambarin a kai, domin manyan tambura da dama an gyara haruffansu ko an zana su da hannu. Sanin sunan salo kuma bai ba mutum izinin amfani da shi ba, wannan batu ne na lasisi da doka.

Salo, fayil da tambari

Abubuwa uku ake yawan haɗawa wuri guda a wannan fage. Na farko shi ne salon haruffa, wato siffar da mai zane ya ba wa haruffa, lambobi da alamomin rubutu gaba ɗaya, kamar Times New Roman ko Futura. Na biyu shi ne fayil ɗin haruffa, wanda masu sana'ar ke kira font, wato ƙaramar manhajar da ake sakawa a kwamfuta ko waya domin a iya buga rubutu da wannan salo. Nau'in fayil da aka fi sani su ne TrueType, wanda kamfanin Apple ya fitar a 1991, da OpenType, wanda Microsoft da Adobe suka sanar a 1996. Na uku shi ne tambarin kansa, wanda zane ne guda ɗaya da aka gama, mallakar wanda ya sa aka yi masa.

Hoton tambari ba ya ɗauke da fayil ɗin haruffa. Hoto irin na PNG ko JPEG tarin ɗigogi ne masu launi da ake kira fiksel, babu wani bayani a cikinsa da ke nuna wane harafi ne wannan ko wane salo. Ko da tambarin yana cikin fayil na zanen layi kamar SVG ko EPS, al'adar masu zane ita ce su mayar da rubutun zane zalla kafin su miƙa aiki, don kada ya sauya kama a kwamfutar da ba ta da salon. Da zarar an yi haka, sunan salon ya ɓace daga fayil ɗin. Ga kuma ƙarancin haruffa: sunan Google haruffa shida ne, amma siffofi biyar kacal ke cikinsa, alhali cikakken fayil na ɗauke da ɗaruruwa ko dubban siffofi, tare da ma'aunin tazarar da ya kamata a bari tsakanin wannan harafi da wancan.

Tarihi

A zamanin ɗab'i da haruffan dalma, gidajen ƙera haruffa kan buga littattafan samfuri, mai ɗab'i kuma ya riƙa buɗe su shafi-shafi har ya ci karo da abin da yake nema. A 1954 ɗan ƙasar Faransa Maximilien Vox ya tsara hanyar kasa salon haruffa gida-gida, ƙungiyar masana haruffa ta duniya ATypI ta karɓe ta a 1962, ta kuma janye goyon bayanta gare ta a 2021, saboda tsarin bai kula da rubutun da ba na Latin ba. A 1983 Christopher Perfect da Gordon Rookledge suka fitar da littafin Rookledge's International Typefinder a Ingila, wanda ya jera ɗaruruwan salo bisa ƙananan alamomin da ke bambanta kowane harafi. Shekaru da yawa shi ne abin dogaron masu zane.

Da zuwan intanet aikin ya koma kan kwamfuta. A shekarar 2000 David Johnson-Davies ya buɗe Identifont, wanda ke yi wa mai bincike tambayoyi ɗaya bayan ɗaya game da siffar haruffan da ke gabansa, yana rage yawan salon da ake zargi da kowace amsa. Kasuwar haruffa ta MyFonts, wadda kamfanin Monotype ya saya a 2012, ta samar da WhatTheFont, inda ake ɗora hoton kai tsaye. A 2015 masu bincike na Adobe tare da wasu na jami'a suka gabatar da DeepFont, tsarin ƙirƙirarriyar basira da aka horar da shi kan hotunan rubutu, a 2016 kuma manhajar Photoshop ta samu sashen Match Font da aka gina a kansa.

Ganowa da ido

Gogaggen mai zane yakan fara da rabewa mafi sauƙi: shin haruffan masu ƙafa ne ko marasa ƙafa. Ƙafa a nan ita ce ɗan karan da ke fitowa a ƙarshen sandar harafi, kamar yadda ake gani a Times New Roman ko Garamond. Arial da Helvetica ba su da ita. Akwai masu ƙafa mai kauri kamar bulo, irin su Rockwell, akwai kuma masu kama da rubutun hannu, inda haruffa ke riƙe da juna. Bayan haka sai a duba kauri, faɗi, karkata, da tsayin ƙananan baƙaƙe idan aka gwada su da manya.

Ba kowane harafi ne ke tona asirin salo ba. Babban baƙin I, H, L ko T kusan kama ɗaya suke a ɗaruruwan salo marasa ƙafa. Waɗanda suka fi amfani su ne ƙananan a, g, t, y da e, sai manyan G, Q, R, J da M, da alamar & da lambobi irin 1, 4 da 7. Ƙaramin a na iya zama mai hawa biyu, irin na littattafai, ko mai hawa ɗaya irin wanda ake koya wa yara a firamare. Ƙaramin g na iya zama mai jela ɗaya, ko mai zobe biyu kamar tabarau da aka tsayar. Jelar Q na iya ratsa da'irar ko ta tsaya a gefenta. Ɗigon i na iya zama zagayayye ko mai kusurwa huɗu. Tambarin da sunansa ya ƙunshi biyu ko uku daga cikin waɗannan haruffa ya fi sauƙin ganowa nesa ba kusa ba.

Misalin da aka fi koyarwa da shi shi ne bambancin Helvetica da Arial. Max Miedinger ne ya zana Helvetica a 1957 tare da Eduard Hoffmann, a gidan ƙera haruffa na Haas da ke Siwizalan. Robin Nicholas da Patricia Saunders suka zana Arial wa Monotype a 1982, faɗin haruffansa kuma daidai yake da na Helvetica, shi ya sa layin da aka buga da ɗayansu yake cin wuri daidai da ɗayan. Mai kallo daga nesa ba zai raba su ba. Amma ƙafar babban R a Helvetica kusan miƙe take saukowa, a Arial kuwa a karkace take fita. Babban G na Helvetica yana da ɗan ƙaho a ƙasa ta dama, na Arial ba shi da shi. Bakin C, S, e da s a Helvetica yankan kwance aka yi masa, a Arial yankan gicciye. Kan ƙaramin t ma haka: shafaffe a Helvetica, yankakke a karkace a Arial. Wannan bambanci yana da muhimmanci a aikace, domin tamburan da aka gina kan Helvetica suna da yawa, ciki har da na Panasonic, Jeep da wanda American Airlines ya yi amfani da shi daga ƙarshen shekarun 1960 zuwa 2013, kuma Arial ne ke zuwa da kusan kowace kwamfuta mai Windows. Shi ya sa ake yawan ganin an sake buga tambarin Helvetica da Arial a allunan talla ba tare da an lura ba.

Futura, wanda Paul Renner ya zana aka fitar a Jamus a 1927, ya fi sauƙi: o ɗinsa kusan cikakkiyar da'ira ce, a ɗinsa mai hawa ɗaya, j ɗinsa kuma miƙaƙƙiyar sanda ce ba lanƙwasa. Gill Sans na Eric Gill, na shekarar 1928, ana gane shi da g mai kama da tabarau duk da cewa ba shi da ƙafa. Da shi aka rubuta haruffa ukun tambarin BBC daga 1997 zuwa 2021.

Shekarar da aka yi tambari ma hujja ce. Tambarin da aka zana a 1975 ba zai zama da Gotham ba, tunda Tobias Frere-Jones ya zana shi ne a 2000. Tambura da yawa na shekarun 1960 zuwa 1980 an haɗa su ne da haruffan gogawa na kamfanin Letraset ko da na'urar ɗab'in hoto, wasu daga cikin salon wancan lokaci kuma ba a taɓa mayar da su fayil ɗin kwamfuta ba.

Binciken fayil da takardun kamfani

Kafin a wahalar da ido, akan duba ko amsar tana rubuce a wani wuri. Fayil ɗin PDF yana ajiye jerin salon da aka cusa a cikinsa, ana ganin jerin a sashen bayanan fayil na manhajar karantawa, ko da ƙaramar manhajar pdffonts. Idan aka ga manyan baƙaƙe shida da alamar + a gaban sunan salo, ma'anarsa haruffan da takardar ke buƙata kaɗai aka cusa, ba dukan salon ba. Fayil ɗin SVG rubutu ne da ake iya buɗewa a karanta, idan ba a mayar da haruffan zane ba sunan salon na nan a ciki. Manyan kamfanoni, jami'o'i da hukumomi kuma sukan wallafa kundin ƙa'idojin tambarinsu, wanda ke faɗin sunan salo, lambar launi da tazarar da za a bari kewaye da tambarin. Inda aka samu irin wannan kundi, ya fi kowace manhaja inganci.

Manhajojin ganowa

WhatTheFont, WhatFontIs, Matcherator da Match Font duk tafiyarsu ɗaya. Manhajar tana raba rubutu da bangon hoton, ta yayyanka shi harafi-harafi, ta gane ko ta tambayi wane harafi ne kowanne, sannan ta kwatanta siffofin da abin da ke rumbunta, ta jero waɗanda suka fi kama. Jeri take bayarwa, hukunci na mai binciken ne.

Ingancin hoto shi ne rabin aikin. Hoton da aka yi ta turawa ta WhatsApp yakan matse, gefen haruffa ya dushe, ƙananan alamomin da ake nema su narke. Hoton allon shago da aka ɗauka daga gefe yakan karkatar da haruffa. Don haka akan gyara hoton tukuna: a yanke duk abin da ba rubutu ba, a mayar da shi baƙi a kan fari, a miƙe layin idan a lanƙwashe yake, a raba haruffan da suka manne. Inuwa, ƙyalli da launi mai sauyawa duk suna ruɗa manhaja.

Akwai iyaka ta biyu da ba a cika faɗa ba. Kowace manhaja abin da ke rumbunta kaɗai ta sani, yawancinsu kuma na kasuwannin sayar da haruffa ne, saboda haka sukan nuna abin da suke sayarwa ko da asalin salon yana wani gidan. Tabbatarwa ita ce a buga sunan da salon da ake zargi, a ɗora shi a kan hoton tambarin da ɗan haske-haske, a ga ko gefuna sun hau kan juna. Idan siffofin sun dace amma tazara ta bambanta, yawanci salon ne, mai zane ne ya matse ko ya buɗe haruffan. Idan harafi ɗaya ne ya ƙi dacewa, mai yiwuwa shi aka gyara da gangan.

Tamburan da ba a samun salonsu a kasuwa

Wasu tambura da hannu aka rubuta su tun asali. Na Coca-Cola ya samo asali ne daga rubutun hannu irin na Spencer da ake koyarwa a Amurka a ƙarni na 19, ana kuma danganta shi da Frank Mason Robinson, akawun wanda ya ƙirƙiro lemon. Babu wani fayil da kamfanin ya buga sunan da shi. Salon da ke yawo a intanet masu kama da shi, kamar Loki Cola, ko Waltograph mai kwaikwayon tambarin Disney, masu sha'awa ne suka zana su daga baya, suka ƙirƙiri sauran haruffan da babu su a tambarin.

Wasu kuma gyararru ne. Lindon Leader ya zana tambarin FedEx a 1994 ta hanyar haɗa siffofin Univers da na Futura, ya yi ta daidaita su har kibiya ta fito a farin wurin da ke tsakanin E da x. Wanda ya buga sunan da ɗaya daga cikin salon biyu ba zai samu kibiyar yadda take ba. Tambarin Facebook na 2005 an gina shi kan Klavika na Eric Olson, aka sauya wasu haruffan. Paul Rand ya ɗora tambarin IBM na 1956 a kan City na Georg Trump, ratsin kwance takwas da aka san shi da su kuma a 1972 suka zo.

Kashi na uku su ne salon da kamfani ya sa aka zana masa shi kaɗai. Google ya yi amfani da Catull na Gustav Jaeger a tambarin da Ruth Kedar ta tsara, har zuwa 1 ga Satumba 2015 da ya koma sabon tambari mai alaƙa da salonsa na Product Sans, wanda ba a ba jama'a lasisinsa ba. Netflix ya bar Gotham a 2018 ya koma Netflix Sans, BBC kuma ta maye gurbin Gill Sans da BBC Reith. Gidan zane na Dalton Maag da ke Landan ne ya yi aikin duka biyun, kuma rage kuɗin lasisin da ake biya duk shekara na cikin dalilan da aka bayar. A irin wannan hali ana iya sanin sunan salon sarai, amma babu halastacciyar hanyar samunsa. IBM ya bi wata hanya dabam: ya saki IBM Plex kyauta ga kowa a 2017.

Akasin haka ma na faruwa, inda jama'a ke gane salon nan take saboda kowa na da shi. Tambarin fim ɗin Avatar na 2009 ya sha ba'a saboda kamarsa da Papyrus, salon da Chris Costello ya zana a farkon shekarun 1980 wanda ke zuwa da kwamfutoci da yawa. Da aka zo fim na biyu an sauya haruffan.

Lasisi

Wanda ya sayi fayil ɗin haruffa izinin amfani ya saya, bisa sharuɗɗan da ke cikin yarjejeniya. Lasisin kwamfuta yakan ƙayyade yawan na'urori ko ma'aikata. Sanya salo a shafin intanet, a manhajar waya, a littafin lantarki ko a talabijin yawanci kowanne da lasisinsa. Gidaje da yawa sun yarda a yi tambari da lasisin kwamfuta, wasu kuwa sai an biya kuɗi na musamman. Miƙa fayil ɗin ga abokin ciniki ko ga gidan ɗab'i yawanci haramun ne a yarjejeniyar, wannan ma na cikin dalilan mayar da rubutu zane kafin a kai aiki. A wuraren sauke haruffa kyauta kuma, da yawa an rubuta cewa don amfanin kai ne kawai, ban da kasuwanci, wasu ma kwafin sata ne da aka sauya wa suna.

Mafita mafi sauƙi ga wanda ba shi da kuɗin lasisi ita ce salo mai kama da na asali wanda aka saki ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi. Wanda ya fi shahara shi ne OFL na ƙungiyar SIL, wanda sigarsa ta 1.1 ta fito a 2007. Ya halatta amfani a kasuwanci da tambari, da gyara fayil da rarraba shi, ya hana sayar da fayil ɗin shi kaɗai, ya kuma ba mai zane damar hana a kira gyararren fayil da sunan asali. Yawancin abin da ke Google Fonts, wanda aka buɗe a 2010, da wannan lasisi yake. Liberation Sans da Arimo suna maye gurbin Arial da faɗi iri ɗaya, Carlito na maye gurbin Calibri, TeX Gyre Heros na kusa da Helvetica, Jost na bin sawun Futura. Montserrat na Julieta Ulanovsky, 'yar Ajantina, ana yawan ɗaukarsa a madadin Gotham, ko da yake haruffansa sun fi faɗi, wanda ya san Gotham kuma ba zai ruɗe ba.

Doka

Dokokin ƙasashe sun sha bamban kan siffar haruffa. A Amurka siffar salo ba ta samun kariyar haƙƙin mallaka, kamar yadda kotun ɗaukaka ƙara ta tabbatar a shari'ar Eltra da Ringer a 1978. Fayil ɗin kuwa ana ɗaukarsa manhajar kwamfuta, kotu ta kare shi a shari'ar Adobe da Southern Software a 1998. Ana kuma iya yi wa siffar rajistar ƙira, rajistar ƙira ta farko ma da aka taɓa bayarwa a ƙasar, a 1842, George Bruce aka ba wa saboda haruffan ɗab'i. A Birtaniya dokar 1988 ta kare zanen salo na shekara 25 daga fara sayar da shi, amma ta ce buga rubutu da shi a aikin ɗab'i na yau da kullum ba keta haƙƙin zanen ba ne. Yarjejeniyar Biyana ta 1973, wadda aka so ta haɗa kan ƙasashe kan kare haruffa, ba ta taɓa fara aiki ba, don ƙasashen da suka tabbatar da ita ba su kai adadin da ake buƙata ba.

Tambari kuma yana da tasa kariyar ta alamar kasuwanci, wadda ba ruwanta da ko salon kyauta ne. Kowa na iya sayen Futura ya rubuta sunan shagonsa, amma idan ya haɗa salo, launi da tsari ta yadda masu saye za su ɗauka kayan wani sanannen kamfani ne, ya shiga hurumin wannan doka. Kan haƙƙin mallakar tambarin rubutu zalla ma ƙasashe sun rabu: a Amurka galibi ana ganin bai kai matsayin ƙirƙira ba, amma a 2011 wata kotu a Landan ta ce tambarin mujallar Edge ya cancanci kariya, duk da cewa ɗan gyara ne aka yi wa haruffan da ake da su. A Najeriya dokar haƙƙin mallaka ta 2022 tana kare manhajojin kwamfuta da ayyukan zane, alamomin kasuwanci kuma dokarsu dabam. Nijar, Kamaru da Chadi suna cikin ƙungiyar OAPI mai hedikwata a Yawunde, inda rajista guda ke aiki a ƙasashe 17.

Gano salo ya sha zama hanyar tona keta haƙƙi. A watan Janairun 2010 hukumar Hadopi, wadda Faransa ta kafa don yaƙar satar fasaha a intanet, ta ƙaddamar da tambarinta, nan da nan masana haruffa suka gane an rubuta shi da Bienvenue, salon da Jean François Porchez ya zana wa France Télécom shi kaɗai. Kamfanin da ya yi zanen ya nemi afuwa aka sauya haruffan. A 2009 gidan Font Bureau ya kai NBC Universal ƙara yana neman aƙalla dala miliyan 2, bisa zargin amfani da haruffansa fiye da abin da lasisi ya halatta.

Sake zana haruffa daga hoto

Idan salon ya gagara samuwa, kuma mai tambarin ne da kansa ke son sabunta shi, akan bi gefen haruffan a sake zana su da layi. Inkscape na yin haka da Potrace na Peter Selinger, Illustrator na da Image Trace, CorelDRAW kuma, wanda shagunan ɗab'i a Najeriya suka fi amfani da shi, yana da PowerTRACE. Bin sawu na kai-tsaye yakan dunƙule kusurwa ya kuma sa miƙaƙƙen layi rawa, abin da ba a gani a katin gaisuwa amma yake fitowa fili a babban allo. Don haka ƙwararru kan sake zanen da hannu. Ƙera cikakken fayil daga haruffa biyar ko shida, da manhaja irin FontForge, sabon aikin zane ne gaba ɗaya, domin sauran haruffan sai an ƙirƙiro su.

Haruffan Hausa da na Ajami

Ga mai rubutu da Hausa akwai ƙarin mataki bayan an gano salo: duba ko yana da haruffa masu lanƙwasa, wato ɓ, ɗ, ƙ da manyansu, da ƴ da ake rubutawa a Nijar inda Najeriya ke rubuta 'y. Yawancin salon da aka yi tamburan kamfanoni da su an zana su ne don harsunan Turai. A tsarin Unicode ma waɗannan haruffa a warwatse suke: ƙ, ƴ da manyan Ɓ, Ɗ, Ƙ, Ƴ suna rukuni ɗaya, ƙananan ɓ da ɗ kuma suna rukunin alamomin furuci, shi ya sa ake samun salon da ke da wasu ya rasa wasu. Idan harafi babu shi, manhaja takan aro shi daga wani salo, sai a ga ƙ siriri a tsakiyar kalma mai kauri, ko a ga akwati babu komai a ciki. Alamar naira, ₦, ita ma takan faɗa wannan matsala. Buga kalmomi kamar ɓera, ɗaki, ƙasa da ƴaƴa da ƙananan baƙaƙe da manya kafin a biya kuɗi ya isa gwaji.

Noto Sans da Noto Serif na Google, DejaVu Sans, da Charis, Gentium da Andika na SIL duk suna da waɗannan haruffa. A tambari mai kalma ɗaya ko biyu, masu zane kan mayar da b, d ko k zane su ɗora musu lanƙwasar da hannu, suna aro siffarta daga kan f ko r na salon domin kaurin ya zo daidai. Gyara fayil ɗin kansa don ƙara haruffan kuwa, yawancin lasisin kasuwanci sun hana, OFL ya halatta.

Tamburan da ke da rubutun Larabci ko Ajami, irin na makarantun Islamiyya da ƙungiyoyin addini, sun fi wuyar ganowa da manhaja, domin haruffan a haɗe suke, siffar kowanne kuma tana sauyawa bisa matsayinsa a kalma. Da yawansu ma aikin hannun marubuci ne, kamar tambarin Aljazeera, don haka abin da ake iya ganowa shi ne nau'in hannun: Nasakhi, Sulusi, Kufi, Diwani ko Ruƙ'a. Ga rubutun Afirka ta Yamma, SIL ta fitar da Harmattan, da kuma Alkalami, wanda aka zana bisa kakkauran hannun da ake kira rubutun Kano, irin na Alƙur'anai da littattafan da ake sayarwa a kasuwannin arewacin Najeriya da Nijar. Duka biyun suna ƙarƙashin lasisin OFL.